Jinyar Wanda Dangin Ofiyam Suka Kama: Aikin Magani Da Aikin Shawara

Idan iyali suka gano ɗansu ya kamu da kodin ko tiramadol ko hiroyin, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne a raba shi da abin nan take. A killace shi mako ɗaya ko biyu, ya yi gumi, ya yi amai, ya yi kakkarwa, ƙwayar ta fice daga jininsa, shi ke nan an huta. Ƙauna ce ke kawo wannan tunani, kuma a ido yana da ma'ana. Sai dai cikin hanyoyin da likitoci suka gwada a shekaru sittin da suka wuce, wannan tana cikin waɗanda suka fi saurin mayar da mutum gidan jiya, kuma makonnin da ke biyo bayanta suna cikin lokutan da mai shan ya fi kusa da mutuwa.

Wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwidin, wanda mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2003, ya nuna haka ƙarara. An ɗauki mutum 40 da hiroyin ta kama, aka raba su gida biyu. Dukansu an ba su shawara mai zurfi: zaman rukuni don koyon kauce wa komawa, ganawa da mai ba da shawara kowane mako, da gwajin fitsari a kai a kai. Bambancin ɗaya ne. Rukunin farko an ci gaba da ba su bufurenofin, maganin da ke kwantar da ƙawar ƙwayar, kullum har shekara. Na biyun an ba su na kwana shida ana ragewa, daga nan aka koma ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Da shekara ta cika, 15 cikin 20 na rukunin farko suna nan cikin jinya. A rukuni na biyu ko mutum ɗaya bai rage ba, kuma huɗu daga cikinsu sun rasu. Shawarar da suka samu iri ɗaya ce, amma ba ta iya riƙe waɗanda aka janye wa magani ba.

Dalilin yana cikin abin da waɗannan ƙwayoyi ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ofiyam ƙaro ne da ake samu daga wani fure, daga cikinsa ake fitar da mofin da kodin. Hiroyin daga mofin ake sarrafa ta, kuma kamfanin Bayer ya taɓa sayar da ita a matsayin maganin tari tun 1898. Tiramadol da fentanil kuwa a ɗakin gwaji ake haɗa su. Duk da bambancin asali, wuri ɗaya suke nufa a jiki. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa akwai wasu makarɓai na musamman a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da waɗannan ƙwayoyi ke maƙalewa. Shekara biyu bayan haka, John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen ta Sikotilan suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadarai masu shiga makarɓan nan don rage zafi da kwantar da hankali. Wato makarɓin kwaɗo ne, jiki yana da nasa makulli. Hiroyin da danginta makullai ne na waje da ke buɗe kwaɗon gaba ɗaya, da ƙarfin da na jiki ba su taɓa kaiwa ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta zama haka kawai a yi ta danne ta. Idan ana kwarara mata ƙwaya kullum, sai ta gyara kanta don ta iya aiki duk da dannewar. Makarɓan su rage amsawa, abin da ya isa jiya ya kasa isa yau. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun jijiyoyi mai fitar da sinadarin da ke sa jiki zama a faɗake. Ƙwayar tana danne shi, shi kuma yana ƙara ƙaimi don ya rama. Ranar da aka yanke ƙwayar, sai gungun nan ya ci gaba da aiki da ƙarfinsa ba abin da ke tare shi. Daga nan azabar yankewa ke fitowa: hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, tashin tsigar jiki, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gudawa, amai, rashin barci, da wani irin tashin hankali da mai shi ba ya iya kwatantawa. Ga mai shan hiroyin abin kan fara cikin sa'o'i kaɗan bayan sha na ƙarshe, ya tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin kamar mako guda. A wannan mataki yawancin masu sha ba daɗi suke nema ba. Suna sha ne don su iya miƙewa su yi tafiya kamar kowa.

Mako guda na azaba abu ne da ake iya jurewa, kuma akwai magungunan da ke sassauta shi, irin su kulonidin da lofeksidin. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya. Rashin barci, ƙuncin rai, da ƙawar ƙwayar suna iya ɗaukar watanni. A daidai wannan lokacin kuma sabon da jiki ya yi da ƙwayar yana zubewa da sauri. Dangin ofiyam suna kisa ne ta hanyar danne cibiyar numfashi, mutum ya yi ta jan numfashi a hankali har ya tsaya. Wanda ya daina mako uku, ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, ya sha abin da jikinsa na yau ba zai iya ɗauka ba. Wani bincike kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa a makonni biyu na farko bayan fita, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da ƙima ya ninka na sauran jama'ar jihar sau 129. Irin wannan haɗarin yana jiran wanda ya fito daga asibiti ko gidan gyaran hali ba tare da wani shiri na ci gaba da jinya ba.

Hanyar da ta canza tarihin wannan jinya ta fito ne daga birnin New York. Vincent Dole, likita mai nazarin yadda jiki ke sarrafa sinadarai, da Marie Nyswander, likitar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana ganin majinyatanta suna komawa ruwa, suka haɗu a cibiyar bincike ta Rockefeller, tare da Mary Jeanne Kreek. Suka gwada metadon, maganin ciwo da aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930. A 1965 suka buga sakamakon mutum 22. Abin da suka lura da shi shi ne, mai hiroyin yana hawa da sauka sau uku ko huɗu a rana: maye, sannan daidaito na ɗan lokaci, sannan azaba, sannan neman kuɗin ta gaba. Metadon kuwa ta baki ake sha, yana shiga jini a hankali, yana daɗewa kwana guda ko fiye. Idan aka dace da adadin da ya yi wa mutum daidai, ba maye, ba azaba, ƙawar ta kwanta, kuma ko ya sha hiroyin a kai ba zai ji abin da yake nema ba. Majinyatansu suka fara komawa makaranta da wuraren aiki.

Metadon yana da nasa kaifin. Saboda yana taruwa a jiki kwana bayan kwana, makonnin farko su ne masu haɗari, shi ya sa ake farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma galibi a gaban ma'aikacin lafiya ake sha. Yana iya taɓa bugun zuciya ga wasu. Cokali ɗaya yana iya kashe ƙaramin yaro idan aka bar shi inda hannunsa zai kai. Amma kuskuren da ya fi yawa a cibiyoyi shi ne rowar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin majinyata suna buƙatar miligiram 60 zuwa 120 a rana. Idan aka tsayar da mutum a ƙasa da abin da jikinsa ke buƙata, wai don kada ya saba, da yamma azaba za ta dawo, ya je ya cike giɓin da ƙwayar titi, sannan a ce magani bai yi aiki ba ko a ce shi ne mara niyya.

Bufurenofin, wanda aka haɗa a Ingila a shekarun 1960, yana shiga kwaɗon ya riƙe shi gam, amma rabi kawai yake buɗewa. Wannan ya ba shi wata fa'ida babba: dannewar da yake yi wa numfashi tana da iyaka, ko an ƙara adadi ba ta ci gaba da ƙaruwa yadda ta metadon ke yi. A ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke, yawanci miligiram 8 zuwa 24 a rana, yanzu kuma akwai na allura da ke ɗaukar mako ko wata guda. Sharaɗinsa shi ne lokacin farawa. Idan aka sha shi alhali hiroyin ko metadon suna nan a makarɓai, zai ture su ya maye gurbinsu da rabin ƙarfi, mutum ya faɗa azaba mai tsanani cikin ɗan lokaci. Don haka bisa al'ada ake jira sai alamun yankewa sun fara bayyana. Faransa ta ba kowane likitan gama-gari izinin rubuta shi tun tsakiyar shekarun 1990, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen da ke da nasaba da shan dangin ofiyam fiye da ƙima suka ragu da kusan kashi 80 cikin 100, ko da yake an faɗaɗa wasu matakan kariya a lokaci guda. Amurka ta amince da shi don wannan jinya a 2002, amma ta ɗaure shi da buƙatar lasisi na musamman, sharaɗin da sai a ƙarshen 2022 aka soke.

Na ukun, naltirekson, toshe kwaɗon yake yi ba tare da buɗewa ba. Ba ya sa maye, ba a sabawa da shi, shi ya sa iyalai da hukumomi suka fi son jin labarinsa. Wahalarsa ita ce sai mutum ya yi kwana bakwai zuwa goma ba ƙwaya a jikinsa kafin a fara, kuma da yawa ba sa ƙetare wannan siraɗi. Na haɗiya kullum bai cika amfani ba, don ranar da ƙawa ta taso mutum zai ƙi sha ne kawai. Allurar wata-wata ta fi riƙo.

Tun 2005 metadon da bufurenofin suke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2017, ya nuna cewa cikin kowane mutum 1,000 da ke kan metadon, kimanin 11 ke mutuwa a shekara, yayin da adadin ya kai kimanin 36 a lokutan da ba sa kan maganin. Masu yi wa kansu allurar ƙwaya kuma, idan suna kan maganin, haɗarin kamuwarsu da ƙwayar cutar HIV yana raguwa da kusan rabi. Duk da haka akwai ƙasashe, irin su Rasha, da suka haramta wannan jinya gaba ɗaya.

Hujjar masu adawa sananniya ce: an canza ƙwaya da ƙwaya. Akwai gaskiya a gefe ɗaya na maganar. Mai shan metadon jikinsa ya dogara da shi, idan aka yanke zai sha azaba. Amma dogaron jiki daban, jaraba daban. Jaraba ita ce mutum ya rasa linzamin kansa, ya ci gaba da sha yana ganin aurensa da aikinsa da mutuncinsa suna zubewa, yininsa duka ya ƙare a nema da sha da farfaɗowa. Wanda ke karɓar adadi sananne, mai tsabta, sau ɗaya a rana, ya wuce wurin aikinsa, ya dawo ya kula da 'ya'yansa, ba wannan halin yake ciki ba. A ganina tambayar da ta dace a yi game da majinyaci ita ce yadda rayuwarsa ke tafiya, kafin a zo kan abin da ke cikin jininsa.

To ina matsayin shawara da tallafin zuciya? A nan masana kansu sun daɗe suna ja-in-ja. A 1993 Thomas McLellan da abokan aikinsa a Philadelphia ta Amurka suka raba masu karɓar metadon gida uku: wasu magani kaɗai, wasu magani da shawara, wasu kuma an ƙara musu likitan ƙwaƙwalwa, taimakon neman aiki da zaman sulhu da iyali. Kashi 69 cikin 100 na rukunin farko sai da aka cire su daga gwajin aka mayar da su cikakkiyar kulawa saboda halin da suka shiga, kuma rukuni na uku ne ya fi kowa samun sauƙi. Amma wani babban gwaji na 2011 a Amurka, kan mutum 653 da magungunan ciwo suka kama, ya nuna cewa ƙarin zaman shawara a kan ganawar da likita ke yi da majinyaci bai ƙara komai ba. Abin da ya yi tasiri a can shi ne maganin kansa: kusan rabi sun samu nasara suna kan bufurenofin, amma makonni takwas bayan an janye shi, ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne suka tsira da nasarar.

Sakamakon biyu ba su karo da juna kamar yadda ake zato. A gwajin 2011, ganawar likitan ma shawara ce: ana tambayar majinyaci halin da yake ciki, ana duba fitsari, ana ƙarfafa masa gwiwa. Mutanen kuma da yawansu suna da sauran abin dogaro a rayuwa. Wanda ba shi da wurin kwana, bashi ya yi masa katutu, iyali sun yafe shi, ga baƙin cikin da tun farko ya tura shi ga ƙwaya, magani zai kwantar masa da jiki ne kawai ya bar shi da sa'o'i goma sha shida na farke da bai san yadda zai yi da su ba. Shekaru ya yi ƙwaya ce ke tsara masa yini, ita ke zaɓa masa abokai, ita ce amsarsa ga fushi da kunya da kaɗaici. Cike wannan gurbi aikin shawara ne.

Aikin ba wa'azi ba ne, kuma ba tsawa ba ne. Ƙwararren mai ba da shawara yakan fara da jawo mutum ya faɗi dalilansa na son canji da bakinsa, domin wanda aka yi wa dole yakan kare abin da ake son raba shi da shi. Daga nan a zauna a tantance abubuwan da ke tayar masa da ƙawa: wane wuri, wane aboki, wane lokaci na yini, wane yanayi na zuciya, shigowar kuɗi hannu ko saɓani a gida. A shirya abin da zai yi idan ƙawar ta taso, tunda takan hau ta sauka ne idan aka ba ta lokaci. Akwai kuma tsarin lada, inda ake ba majinyaci ɗan tukuici duk lokacin da fitsarinsa ya fito ba ƙwaya. Mutane da yawa suna yatsina fuska idan suka ji haka, wai a biya mutum don ya daina cutar da kansa, amma tsarin yana cikin waɗanda bincike ya fi tabbatar da amfaninsu, musamman ga wanda ke haɗawa da hodar ibilis, wadda har yanzu ba ta da magani irin metadon. Ciwon damuwa, firgici da tabon wani abin da ya taɓa faruwa da mutum suna buƙatar tasu jinyar a lokaci guda. Ƙungiyoyin tsofaffin masu sha, irin su Narcotics Anonymous da aka kafa a 1953, suna ba mutum abokan tafiya, sai dai a wasu rassan ana kallon mai shan metadon a matsayin wanda bai daina ba, kuma wannan kallon ya sa wasu sun jefar da maganinsu.

Inda nake ganin cibiyoyi da yawa suna tafka kuskure shi ne mayar da shawara ƙofar shiga. A ce ba za a ba ka magani ba sai ka halarci zama kaza, ko a kore ka don an ga ƙwaya a fitsarinka. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 sun ce a samar wa kowa tallafin zuciya da na zamantakewa, amma kada a hana mutum magani don ya ƙi karɓar tallafin. Ƙwaya a fitsari alama ce ta cewa ciwon bai kwanta ba, wataƙila adadin magani ya yi kaɗan, wataƙila wani abu ya rikice a gida. Korar majinyaci a wannan lokacin tura shi ne cikin makonnin nan masu kisa.

Akwai wasu yanayi da ke buƙatar kulawa ta daban. Mai juna biyu ba a so ta yanke ƙwaya kwatsam, domin azabar da komawar da kan biyo baya suna iya cutar da cikin. Metadon ko bufurenofin ake ba ta, jaririn kuma a sa masa ido bayan haihuwa, tunda alamun yankewa da zai iya nunawa ana iya magance su. Mai shan tiramadol da yawa yana cikin haɗarin farfaɗiya, kuma yankewarsa takan zo da ƙarin ruɗewa da firgici saboda maganin yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa ban da makarɓan ofiyam. Haɗa kowane ɗayan waɗannan magunguna da giya ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam shi ne ke rushe kariyar da bufurenofin ke da ita. Sannan duk gidan da ke da mai sha, ko mai jinya, ya kamata a ce akwai nalokson a ajiye. Allura ce ko feshin hanci da ke ture ƙwayar daga makarɓai cikin mintuna. Alamomin da za a duba su ne mutum ya ƙi farkawa, numfashi ya yi ƙasa sosai ko ya koma minshari mai shaƙewa, ƙwayar ido ta tsuke. Ƙarfin nalokson yakan ƙare cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, ƙwayar kuma tana iya fin haka daɗewa, don haka ko mutum ya farfaɗo sai an kai shi asibiti.

Tambayar da kowane majinyaci da iyalinsa ke yi ita ce, har yaushe? Babu adadin watanni da ya dace da kowa. Abin da bincike ya nuna shi ne jinyar 'yan makonni ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba, kuma amfanin yana ƙaruwa da daɗewa. Wasu shekara ɗaya ko biyu, wasu shekaru masu yawa, wasu har ƙarshen rayuwa. Idan mutum ya samu matsuguni da abin yi, dangantakarsa ta daidaita, ya daɗe bai taɓa ta titi ba, kuma shi da kansa ya nemi a rage, ana ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni, a dakata ko a koma adadin baya da zarar ƙawa ta fara motsi. Matakan ƙarshe, lokacin da adadin ya yi ƙasa sosai, su suka fi wuya, a nan ake ƙara yawan ganawa da mai ba da shawara. Bayan an daina kuma ana ci gaba da bibiya, a bar masa nalokson a hannu, a kuma gaya masa tun kafin ya fita cewa idan ya zame zai iya dawowa kan maganin a ranar, ba sai ya sake shiga layin jira ba.